Ɗalibai Da Gajeren Fim Ɗin Zullumi: Yadda Ake Shirya Shi Da Iyakokin Da Shari'a Ta Shata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammad da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ɗaliban da ke karatun aikin jarida da wasan kwaikwayo a manyan makarantunmu, kamar Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, sukan kai matakin da za su ajiye littafi su ɗauki kyamara. Sukan haɗu rukuni-rukuni, su yi karo-karo, su shirya fim na minti goma ko sha biyar. Daga cikin nau'o'in da ke jan hankalin matasa akwai wanda za mu kira fim ɗin zullumi, wato labarin da aka gina a kan abin da ke gudana a zuciyar mutum na tsoro da zargi da nadama da ruɗani, har mai kallo ya kasa tantance abin da ya auku da abin da jarumin ya raya a ransa.

Wani zai ce ina ruwan mai wa'azi da wannan? Ruwa kuwa har da tsaki. Zuciya da waswasi da taɓin hankali batutuwa ne da malaman Musulunci suka yi rubutu a kansu tun fiye da shekara dubu. Sannan gajeren fim ɗin da aka yi don neman maki ba ya tsayawa a aji, yakan hau YouTube da TikTok ya shiga ɗakunan da mai wa'azi bai taɓa shiga ba. Kuma daga cikin waɗannan ɗalibai ne za a samu marubuta da daraktocin masana'antar da ta faro da Turmin Danya a 1990. Abin da suka saba da shi yau, shi za su ciyar da al'umma gobe.

Mene ne fim ɗin zullumi?

Ya bambanta da fim ɗin ban tsoro na dodanni da fatalwa, ya kuma bambanta da na faɗa da harbe-harbe. Makaminsa shi ne jira. Daraktan nan ɗan Ingila, Alfred Hitchcock, wanda ya shirya Psycho a 1960, ya shahara da wani misali: idan mutum biyu na hira bam ya tashi a ƙarƙashin teburinsu ba zato, mai kallo zai razana na ɗan lokaci kaɗan. Amma idan an nuna wa mai kallo bam ɗin tun farko, su kuwa masu hirar ba su sani ba, to kowace kalma da suka furta za ta zame masa azaba har zuwa ƙarshe. Ma'ana, zullumi yana samuwa ne daga tazarar da ke tsakanin abin da mai kallo ya sani da abin da jarumi ya sani.

Ginshiƙi na biyu shi ne jeranta hotuna. Wani masanin fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya yi gwaji a farkon ƙarni na 20: ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna komai, ya haɗa ta da hoton kwanon miya, sannan da hoton gawa a akwati, sannan da hoton mace. Masu kallo suka ga yunwa a fuskar, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce ba ta sauya ba. Mai kallo ne ke cika giɓin da abin da ke ransa.

Wannan ne ya sa nau'in ya dace da aljihun ɗalibi. Ɗaki ɗaya da 'yan wasa biyu ko uku sun wadatar. Ba a buƙatar mota ta kife ko gida ya ƙone.

Shin wasan kwaikwayo ya halatta?

Malaman wannan zamani sun yi saɓani a kansa. Sheikh Bakr Abu Zaid ya rubuta littafi a kan mas'alar inda ya tafi a kan hani, yana kafa hujja da cewa a cikinsa akwai ƙarya da kwaikwayon mutane da koyi da waɗanda ba Musulmi ba. Wasu kuma, kamar Sheikh Ibn Usaimin da Sheikh Yusuf Alƙardawi, sun halatta shi bisa sharuɗɗa. Hujjarsu ita ce mai kallo ya san kwaikwayo ake yi, don haka ba a yaudare shi ba, kuma buga misali hanya ce ta karantarwa. Sukan ambaci hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito na mutum uku daga Bani Isra'ila, kuturu da mai sanƙo da makaho, waɗanda Mala'ika ya koma wa kowannensu a cikin kamanninsa na da don ya jarraba shi.

Sharuɗɗan masu halattawa sanannu ne: kada a kwaikwayi Annabawa ko Mala'iku, kada a yi izgili da addini, kada a bayyana tsiraici, kada namiji ya taɓa macen da ba muharramarsa ba da sunan wai matarsa ce a labari, kada namiji ya fito a mace ko mace a namiji, kuma kada aikin ya shagaltar daga wajibi. Wanda ya gamsu da fatawar hani, ya nemi wani ɓangaren karatun da zai yi, ba a zarginsa. Wanda ya ɗauki fatawar halasci kuwa, ya ɗauke ta tare da sharuɗɗanta. Ba a cin naman fatawa a zubar da ƙashinta.

Taskar da ɗalibanmu suka bari a gida

Galibin gajerun fina-finan da matasa ke yi a wannan fanni kwafi ne na abin da suka gani a fina-finan Amurka da Koriya da Indiya: mai kisa sanye da abin rufe fuska, ko jarumin da za a gano a ƙarshe cewa shi ne mahaukacin. Alhali a gadonmu akwai nazarin zuciya mai zurfi wanda ba a taɓa shi ba.

Alƙur'ani ya siffanta rai da siffofi uku: mai yawan umarni da mummuna a Suratu Yusuf, mai yawan zargin kai a Suratul Ƙiyama, da mai natsuwa a Suratul Fajr. Rai mai zargin kai shi kaɗai ya ishi marubuci labari goma. Harisu Almuhasibi, wanda ya rasu a shekara ta 243 bayan Hijira, ya bi diddigin riya da jiji da kai da yadda mutum ke yaudarar kansa a littafinsa Arri'aya. Imam Algazali ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin don bayanin abubuwan mamaki na zuciya, inda ya jero yadda tunani ke faɗowa, ya zama karkata, ya zama ƙuduri, sannan ya zama aiki. Duk marubucin da ya fahimci wannan jeri ya samu ƙashin bayan labarinsa. Ibnul Jauzi ya rubuta Talbisu Iblis, Ibn Ƙudama kuma ya yi ɗan littafi a kan masu waswasi.

Abu Zaid Albalkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani. Ya ma bambanta baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke afka wa mutum ba tare da dalili ba, ya danganta na biyun da jiki. Masanin halayyar ɗan Adam ɗan Sudan, Farfesa Malik Badri, wanda ya rasu a 2021, ya fassara wannan ɓangare zuwa Turanci.

Ta fuskar tsarin ba da labari kuwa, Alƙur'ani ya fi ƙarfin a kwatanta shi da aikin ɗan Adam, amma mai koyo zai amfana idan ya yi tadabburi. Dubi riga a Suratu Yusuf. An kawo ta da jinin ƙarya, an yage ta ta baya ta zama shaida, an jefa ta a fuskar mahaifi ganinsa ya dawo. Abu ɗaya ya bayyana sau uku, kowane karo da ma'ana daban. Dubi kuma yadda mai karatu ya san cewa Annabi Yusuf (AS) ya gane 'yan uwansa, su kuwa ba su gane shi ba.

Daga takarda zuwa kyamara

Bari mu buga misali da labarin da rukunin ɗalibai za su iya ɗauka a kwana biyu. Wani mai shago ne abokinsa ya ba shi ajiyar kuɗi babu shaida babu rubutu. Abokin ya rasu a hatsarin mota, mai shagon ya ja bakinsa ya yi shiru. Daga nan kullum bayan sallar Isha'i sai ɗan marigayin, yaro ɗan shekara goma, ya zo sayen sukari, ya tsaya yana kallonsa kafin ya karɓi canji. Yaron bai san komai ba, ko kuwa ya sani? Mai shagon ya fara jin ƙwanƙwasa ƙofa da dare. Ya sauya masallaci don limamin ya karanta ayar cin dukiyar maraya. Ya fara zargin matarsa da cewa ita ta faɗa wa matar marigayin. Babu jini, babu wuƙa, babu aljani, amma mai kallo ba zai iya zama daidai ba.

Matakin farko shi ne rubutu. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce shafi ɗaya na rubutun fim yana ba da kimanin minti ɗaya, don haka fim na minti goma shafi goma ne. Hukumar da ke ba da kyautar Oscar tana lissafa duk fim ɗin da bai wuce minti 40 ba a matsayin gajere, amma ɗalibi ya fi samun nasara idan ya taƙaita. Ana so rukunin ya iya faɗin labarin a jimla ɗaya. Idan sun kasa, labarin bai nuna ba tukuna.

Mataki na biyu shi ne rabon aiki da tsara ɗauka. A san darakta, da mai kyamara, da mai sauti, da mai lura da daidaiton fitowa, wato wanda zai tabbatar hular da jarumi ya sa a fitowar safe ita ce a kansa idan an ci gaba da ɗauka da yamma. A rubuta jerin kowane hoto da za a ɗauka kafin a isa lokeshin. A nemi izinin mai gida ko mai shago. Jihar Kano tana da Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, kuma akwai ta ƙasa da aka kafa a 1993, don haka mai niyyar fitar da aikinsa daga aji zuwa kasuwa ya binciki ƙa'idojinsu. A sanya lokutan sallah a cikin jadawalin ɗauka tun farko. Hasken da masu kyamara suka fi so, na dab da faɗuwar rana, yana iyaka ne da Magariba, sai a shirya yadda za a kammala kafin kiran sallah.

Mataki na uku shi ne sauti, kuma a nan ne yawancin fina-finan ɗalibai ke faɗuwa. Mai kallo yakan yafe hoto mai dishi-dishi, amma ba ya yafe maganar da ƙarar janareto ta cinye. Wayar hannu mai kyau za ta iya ɗaukar hoto, sai dai makirufo na daban wajibi ne. Game da kiɗa, saɓanin malamai sananne ne, kuma wannan nau'in fim ya fi kowanne iya wadatuwa ba tare da shi ba. Ɗigar famfo, ƙarar fanka, takun sawu a soro, numfashi, da shirun da ke biyo bayan ɗauke wuta sun fi goge da ganga tayar da tsikar jiki.

Mataki na ƙarshe shi ne tacewa a kwamfuta, inda ake yanka da jerantawa. Akwai manhajoji irin su DaVinci Resolve da ke da nau'in kyauta, don haka babu uzurin amfani da na sata. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zartar a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin mallakar fasaha haƙƙi ne da Shari'a ke karewa. Wannan ya shafi labarin wani da sautin wani. Kuɗin karo-karo ma a rubuta wanda ya bayar da nawa ya bayar, da yadda za a raba idan fim ɗin ya kawo wani abu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta sauka ne a kan rubuta bashi, kuma zumuncin ɗalibai da yawa ya watse a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Wurare huɗu da ƙafa ke zamewa

Na farko, yadda ake nuna mai taɓin hankali. Fina-finai sun saba mayar da shi ko dai makashi ko abin dariya. A Shari'a kuwa marar lafiya ne da aka ɗauke wa alƙalami, kamar yadda ya zo a hadisin da Abu Dawud da wasunsa suka ruwaito game da mai barci da yaro da wanda hankalinsa ya gushe. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 ya kasance yana kula da irin waɗannan marasa lafiya. A ƙasarmu kuwa, a watan Satumba na 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasunsu ɗaure da mari. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. A irin wannan yanayi, fim ɗin da ya koya wa jama'a cewa mai wannan larura dodo ne ya ƙara wa marin nauyi, ya kuma sa iyalai su ɓoye majinyacinsu maimakon su kai shi Dawanau ko Barnawa ko Kware. Ɗalibin da zai rubuta irin wannan jarumi ya zauna da likita ya tambaya. Kuma haramun ne a ɗauki hoton majinyaci na gaske a titi a sa a fim, domin tona asiri ne ga wanda ba ya iya bayar da izini.

Na biyu, aljanu da bokaye. Samuwar aljanu gaskiya ce da Alƙur'ani ya tabbatar, ruƙya ta Shari'a ma ta tabbata. Amma jingina kowace damuwa da kowace farfaɗiya ga iska ya sa an bar marasa lafiya da yawa babu magani. Mafi muni shi ne labarin da boka ke faɗin gaibu kuma maganarsa ta tabbata, ko laya ta warware matsalar. Muslim ya ruwaito gargaɗi mai tsanani na rashin karɓar sallar dare arba'in ga wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi. Idan boka zai fito, ya fito a matsayinsa na mai cin kasuwar tsoron mutane. Haka nan a kiyaye da waswasi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an yafe wa wannan al'umma abin da zukata suka raya matuƙar ba a furta ko an aikata ba. Akwai bayin Allah da ke maimaita alwala sau goma suna kuka. Fim ɗin da ya nuna musu cewa mummunan tunani alamar lalacewar imani ce ya ƙara musu ciwo, wanda ya nuna musu sauƙin addini da hanyar asibiti kuwa ya yi sadaka.

Na uku, kisan kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ga masu shirya fim a 2019, inda ta nemi kada a nuna hanyar da mutum ya bi ya kashe kansa, kada kuma a nuna hakan a matsayin mafita, saboda bincike ya nuna masu rauni kan kwaikwaya. A shekarar ce kamfanin Netflix ya cire irin wannan fitowa daga shirinsa 13 Reasons Why bayan shawarar likitoci. Abin da suka gano da bincike, mu muna da shi a ƙa'idar toshe kafar ɓarna. Kada jarumi ya ƙare a igiya ko kwalbar guba don kawai marubuci ya rasa yadda zai rufe labari.

Na huɗu, lafiyar masu aikin. Wasu daraktoci kan razana ɗan wasa da gaske ba tare da saninsa ba don su samu firgita ta haƙiƙa. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana a tsorata Musulmi, kuma dalilin hadisin wasa ne wasu sahabbai suka yi wa ɗan uwansu da ke barci a halin tafiya. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito hanin nuna ɗan uwa da makami. Brandon Lee ya mutu a 1993 a wurin ɗaukar fim sakamakon harbin bindigar da aka ɗauka ba ta da haɗari, haka ma mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins a 2021. Waɗannan masu sana'ar fim ne, ina ga ɗalibai? A yi amfani da makamin roba, a sanar da maƙwabta da hukuma kafin a yi ihu da dare a unguwa, a nemi yardar iyaye idan akwai yaro, kuma kada ɗauka ta zama dalilin keɓancewar namiji da mace.

Ɓoyewa ma gwaninta ce

Matasa kan yi ƙorafin cewa waɗannan iyakoki suna ɗaure hannun mai fasaha. Tarihin fim bai goyi bayan wannan ƙorafi ba. Mustafa Akkad, ɗan asalin Halab ta Siriya, ya shirya fim ɗin Arrisala a 1976 a kan tarihin farkon Musulunci ba tare da ya nuna Annabi (SAW) ko ya jiyar da muryarsa ba, kuma har gobe ana kallonsa. A Iran, inda doka ta hana namiji da mace su taɓa juna a fim, Asghar Farhadi ya shirya labarin rabuwar wasu ma'aurata wanda ya ci kyautar Oscar a 2012, kuma zullumin da ke cikinsa ya taso ne daga tambayar wa ke faɗin gaskiya, da tsoron wata mata na rantsuwa da Alƙur'ani a kan abin da take kokwanto. Fim ɗin Gaslight na 1944 kuwa labarin miji ne da ke sauya abubuwa a gida yana musantawa har matarsa ta fara zargin hankalinta. Irin wannan cutarwa tana faruwa a gidajenmu, mata da yawa ba su san sunan da za su kira ta ba, kuma fim na minti goma sha biyu zai iya sa wata uwa ta saurari 'yarta da kunnen basira.

Don haka malaman jami'a su buɗe wa ɗalibai ƙofar Almuhasibi da Albalkhi kamar yadda suke buɗe musu ta Hitchcock. Mu kuma masu mumbari, idan ɗalibi ya kawo mana rubutunsa, mu karanta kafin mu yanke hukunci, mu nuna masa fitowar da za a cire da wadda za a gyara da dalilin kowacce. Ɗalibi kuma ya tuna cewa maki na zangon karatu ɗaya ne, fim ɗin kuwa zai ci gaba da yawo a intanet bayan an rufe shi da ƙasa, ana rubuta masa abin da ya haifar na alheri ko akasinsa.

Allah Ya tsarkake zukatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sanya albarka a karatun 'ya'yanmu. Allah ne Mafi sani.